Babbar Hanyar A2: Daga Fatakwal Zuwa Kwangwalam

Babbar hanyar tarayya mai lamba A2 ta taso daga Fatakwal a jihar Ribas, ta tuƙe a Kwangwalam, bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar a jihar Katsina. Tsawonta ya haura kilomita 1,200, kuma ta ratsa Babban Birnin Tarayya da jihohi goma: Ribas, Bayelsa, Delta, Edo, Kogi, Neja, Kaduna, Kano, Jigawa da Katsina. Tana cikin manyan hanyoyi huɗu da suka tsaga ƙasar daga bakin teku zuwa arewa. A1 ta tashi daga Legas ta bi Ibadan da Ilori da Kwantagora zuwa Sakkwato da Illela. A3 ta bi Inugu da Makurɗi da Jos da Bauchi zuwa Maiduguri. A4 kuma ta ɗauko daga Kalaba ta bi gefen gabas. A2 ce ta tsakiya, ita kaɗai ce kuma ta bi ta ƙofar Abuja.

Duk hanyar da lambarta ta fara da harafin A mallakar gwamnatin tarayya ce. Ma'aikatar Ayyuka ke bayar da kwangilar gina ta, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke da alhakin cike ramuka da ƙananan gyare-gyare, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC wadda aka kafa a 1988 ke sintiri a kanta. Gwamnan jiha ba shi da hurumin taɓa ta sai da yardar Abuja, ko da kuwa mutanensa ne ke mutuwa a ramukanta. Wannan ya sha haifar da ja-in-ja tsakanin jihohi da tarayya, musamman a kan biyan kuɗin da wata jiha ta kashe wajen gyara.

Kashin farko, daga Fatakwal zuwa Warri, ɓangare ne na hanyar da ake kira Gabas da Yamma ta yankin Neja Delta. Ya bi Ahoada da Mbiama da Kaiama, ya haye kogin Forcados a Patani, ya wuce Ughelli. Ƙasar nan fadama ce da ƙoramu, ruwa na kwance dab da doron ƙasa, saboda haka kafin a shimfiɗa kwalta sai an yi ta jibga yashi ana tada hanyar sama, ga gadoji da kwalbatoci ba iyaka. Shi ya sa kilomita guda a nan ta fi ta Kano ko Katsina tsada nesa ba kusa ba. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar mayar da ita tagwayen hanya, aikin ya ci gwamnatoci da dama bai kammala ba. A watan Yulin 2012 wata tankar mai ta kife a Okobie kusa da Ahoada, mutane suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi ta halaka fiye da ɗari. A ambaliyar 2022 kuwa ruwa ya yanke hanyar a wurare da dama, Bayelsa ta yi makonni ba a shiga ba a fita sai ta jirgin ruwa.

Daga Warri, garin da ke da matatar mai tun 1978, hanyar ta juya arewa ta Sapele zuwa Benin. Benin mararraba ce babba: nan A2 ta gamu da hanyar Legas da kuma wadda ta nufi Asaba da Anacha. A unguwar Aduwawa, bakin fita zuwa Auchi, akwai kara da zangon 'yan Arewa, inda tirelolin shanu da na albasa ke sauke kaya. Gaba kuma sai Ekpoma, sai Agbede da Auchi, yankin da Musulunci ya kafu tun ƙarni na 19 sakamakon tasirin Nufawan Bida, sannan Okpella, sannan Okene ta ƙasar Igbira a jihar Kogi.

Wannan tsakanin, Benin zuwa Lakwaja, ya daɗe yana cikin sassan da direbobi suka fi kuka da su, kuma a nan ne ake ganin ainihin ciwon A2 baki ɗaya. Ƙasar tana da dutsen da ake yin siminti da shi. Kamfanin BUA na da masana'anta a Okpella, na Dangote na da tasa a Obajana, yamma da Lakwaja. Duk buhun da ya fito daga cikinsu zuwa Abuja ko Kaduna ko Kano a bayan tirela yake tafiya, wata da buhu 600, wata da 900, wato tan 30 zuwa 45. Haka ma man fetur. An shimfiɗa bututu daga kudu zuwa matatar Kaduna da manyan rumbunan mai na Suleja da Kano domin kada a riƙa jigilar mai a mota, amma fasa bututu da tsayawar matatar Kaduna sun mayar da wannan kaya kan kwalta. Jirgin ƙasan da ya isa Kano tun 1911, wanda shi ya yi dakon gyaɗa da auduga da fata shekara da shekaru, ya durƙushe, kayansa su ma suka dawo hanya.

Injiniyoyi na da wani lissafi da aka samo daga gwajin hanyoyi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta. Idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin tayoyi sau biyu, ɓarnar na ninkawa kusan sau 16. Ke nan tirela guda da aka yi wa lodin wuce ƙima ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Da zarar kwalta ta tsage, ruwan damina ya shige ƙarƙashi ya jiƙa jar ƙasar da aka dandaƙe, sai tsagar ta zama rami, ramin ya zama kududdufi. Maganin wannan sananne ne, wato ma'aunin nauyi a bakin hanya da tara ga wanda ya wuce ƙa'ida. An gina irin waɗannan ma'aunai a wasu wurare, amma aiki da su bai taɓa ɗorewa ba. An ɗora wa A2 kayan jirgin ƙasa da na bututu a kan nata, kamar jakin da aka haɗa masa mangalar jakuna uku, sannan ake mamakin gurfanawarsa.

Lakwaja, inda kogin Neja ya haɗu da Binuwai, ta riga hanyar mota zama mashiga tsakanin kudu da arewa. Fataken Hausa da na Nufe sun san kasuwarta tun kafin zuwan mulkin mallaka. Baturen nan Baikie ya zauna a nan, daga nan kuma ya yi tattaki har Kano a 1862. A garin ne Baturen mulki Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, ya ayyana Arewa a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin Turawa. Yau matsayin garin a wajen matafiyi shi ne zango: nan motocin da suka fito daga Legas da Anacha da Fatakwal ke haɗuwa, a ci abinci, a yi salla, a sha mai, a duba taya.

Arewa da garin, a Jamata, hanyar ta haye kogin Neja a kan gadar Murtala Muhammad zuwa Kotonkarfe. Wannan gada da ƴan kilomitocin da ke kewaye da ita su ne maƙogwaron ƙasar. A watan Satumban 2012 kogin ya cika ya shafe kwaltar, aka rufe hanyar kwanaki. Bayan shekara goma, a watan Oktoban 2022, ruwa ya sake hawa hanyar a Kotonkarfe, tankokin mai suka yi jerin gwano na kilomitoci, cikin ƴan kwanaki layin mai ya dawo gidajen man Abuja. Ambaliya biyu a wuri guda sun isa su nuna cewa hanyar na buƙatar a ɗaga ta a wannan kwari. Aikin mayar da Lakwaja zuwa Abuja tagwaye, wanda shi ma aka bayar a 2006, an yi ta yin sa guntu-guntu, har sassan da aka fara gamawa suka soma lalacewa kafin a kai ga na ƙarshe.

Daga Abaji an shiga Babban Birnin Tarayya. Sai Kwali, garin shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, sai Gwagwalada, sai Zuba mai kasuwar kayan marmari da tashoshin mota. A2 ba ta shiga tsakiyar Abuja ba, ta gefen yamma ta zarce, hanyar filin jirgin sama da ta Kubwa su ke kai mutum cikin gari. Gaba kaɗan da Zuba, a Madalla, Dutsen Zuma na tsaye a bakin hanya, shi ne na jikin naira 100. Suleja da ke nan kusa ita ce Abuja ta asali. Sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya fitar daga Zariya su suka kafa ta a 1828, kuma da aka zaɓi yankin ya zama babban birni a 1976 ta bar wa sabon birnin sunanta. Don haka Zazzau biyu ke kan wannan hanya, ta Suleja da ta Zariya.

Daga Zuba zuwa Kano kilomita 375 ne, kuma shi ne sashen da mutanen Arewa suka fi sani. A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida aka mayar da shi tagwayen hanya, daidai lokacin da ake shirin ƙaura daga Legas, wadda aka yi a watan Disamban 1991. A shekarunsa na farko mutum kan karya kumallo a Kano ya yi azahar a Abuja ba tare da gaggawa ba. Akwai shingayen karɓar kuɗin hanya a lokacin, waɗanda gwamnatin Obasanjo ta rushe a ƙasar baki ɗaya wajen ƙarshen 2003. Ba a samar da wata tsayayyiyar kafar kuɗin gyara a madadinsu ba, kwaltar kuma ta ci gaba da tsufa.

A watan Disamban 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran hanyar a kan naira biliyan 155, da wa'adin shekara uku. An kasa aikin uku: Zuba zuwa Kaduna kilomita 165, Kaduna zuwa Zariya 73, Zariya zuwa Kano 137. A lokacin kuɗin na fitowa daga wani asusu na musamman na fadar shugaban ƙasa, wanda ya ɗauki nauyin hanyar Legas zuwa Ibadan da gada ta biyu ta kogin Neja, har ma an zuba masa wani kaso na dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. A watan Maris na 2021 aka sauya aikin daga gyara zuwa sabon gini tun daga tushe, kuɗin ya tashi zuwa biliyan 797. Buhari ya buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano a watan Mayun 2023, kwanaki kaɗan kafin ya sauka. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fi kowanne cunkoso, shi aka bari a baya. A watan Nuwamban 2024 ministan ayyuka David Umahi ya soke kwangilar wannan sashe bayan an kasa daidaitawa a kan farashi, aka ba wani kamfani, Infiouest, da sharaɗin ya yi shi da kankare maimakon kwalta. Kankare ya fi jure nauyi da ruwa, ya kuma fi tsada a farko. A duk tsawon shekarun nan matafiya sun sha bin hannu ɗaya, mai zuwa da mai dawowa suna gaba da gaba, abin da ya jawo munanan haɗurra, musamman da dare.

Lalacewar kwalta ba ita kaɗai ta hana mutane bin wannan sashe ba. Tsakanin Jere da Kakau daji ne mai faɗi, garuruwan kan hanya irin su Katari da Gidan Busa da Rijana ƙanana ne, a tsakaninsu kuma akwai tazara. Tun wajen 2016 masu garkuwa da mutane suka mayar da wurin wajen farautarsu, su tare hanya da rana tsaka, su kora matafiya cikin daji, su nemi kuɗin fansa. Rami da ɗan bindiga na taimakon juna, domin inda direba ya rage gudu nan ake tare shi. A watan Yulin 2016 aka buɗe jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, masu hali da manyan ma'aikata, har da jami'an tsaro, suka koma can, aka bar wa talaka da direban tirela kwalta. Ranar 28 ga Maris na 2022 aka dasa wa jirgin bam a wannan dajin, aka kashe fasinjoji, aka tafi da fiye da 60. Rukunin ƙarshe bai kuɓuta ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai a Disamba. Daga baya an ƙara sansanonin soja da shingayen bincike, tare hanya ya ragu ƙwarai, amma har yanzu direbobi da yawa ba su yarda magariba ta riske su a tsakanin ba.

Tankokin mai ma na da nasu tarihin a nan. A Tafa da Mararrabar Jos direbobi kan jera motoci a kafaɗar hanya su kwana, har su cinye rabin titi. A watan Janairun 2025 tanka ta faɗi a mararrabar Dikko, inda hanyar Minna ta rabu, aka maimaita abin da ya faru a Okobie: jama'a suka zo da jarkoki, wuta ta kama, mutum fiye da 80 suka rasu. Bayan wannan ne hukuma ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa hanya daga watan Maris na shekarar.

Kaduna gari ne da jirgin ƙasa da mulki suka haifa. Turawa sun mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot na 1975, da matatar mai ta 1980, duk a kudancin garin suke, ta inda A2 ke shigowa. Manyan motoci kan kauce wa tsakiyar gari su bi titin Nnamdi Azikiwe ta yamma su ɓulla Mando da Kawo. Gari ya riga ya haɗiye wannan titi, wanda aka yi domin ya kewaye shi. Hanyar kewaye ta gabas da aka fara tun farkon shekarun 2000 ita ya kamata ta ɗauke wannan nauyi, ta daɗe ba a gama ba. Daga Kawo hanya ta miƙe ta Rigachikun da Birnin Yero da Jaji, mazaunin kwalejin horar da manyan hafsoshin soja, zuwa Zariya.

A Zariya, garin Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, hanyar ta bi ta Gwargwaje da Ɗan Magaji zuwa Kwangila, inda hanyar Funtuwa da Gusau da Sakkwato ta ɓalle. Masu zuwa Abuja da yawa daga Zamfara ko Sakkwato ko kudancin Katsina a nan suke hawa A2. Tsakanin Zariya da Kano kuwa tsohuwar turbar fatake ce. Ta wannan turba rundunar Turawa ta bi a 1903, ta fasa Bebeji, ta ci Kano a farkon watan Fabrairu.

Bayan Tashar Yari da Kwanar Dangora, ƙasa ta sauya kama. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A lokacin sanyi kasuwar Kwanar Gafan kan cika da kwandunan tumatir, ana lodi dare da rana zuwa Legas da Fatakwal da Anacha. Kayan gwari ba ya jira. Tirelar siminti za ta iya kwana uku a cunkoson Kotonkarfe mai kaya bai yi asarar buhu ɗaya ba, amma tumatir idan ya yi haka sai a zubar. Saboda haka manomin Kadawa na cikin waɗanda suka fi kowa jin raɗaɗin ramin da ke Ekpoma, ko da bai taɓa zuwa can ba. An ga girman wannan jigila a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na ƴan kwanaki: farashin tumatir da albasa da nama ya yi sama a can, a nan kuma kaya suka yi kwantai.

Daga Kura, garin masu casar shinkafa, hanyar ta haye kogin Challawa a Tamburawa ta shiga Kano ta Na'ibawa, inda kasuwar ƴan lemo ke karɓar ayaba da lemo da abarbar da suka hau wannan hanya daga kudu. A Kano A2 ta gamu da hanyar da ta ratsa Sahel daga Dakar zuwa Njamena. Ita kanta, daga Kaduna zuwa iyaka, yanki ce ta babbar hanyar Sahara mai tsawon kilomita 4,500 da ta haɗa Legas da birnin Aljas na Aljeriya.

Sashen ƙarshe ya fara daga shataletalen Dawanau, gefen babbar kasuwar hatsi, ya bi Dambatta, ya taɓa Jigawa a Kazaure, ya isa Daura mai rijiyar Kusugu, ya wuce yankin Mai'adua zuwa Kwangwalam. Kilomita 132 ne, kuma kamfanin BUA ya karɓi aikin mayar da shi tagwaye a ƙarƙashin tsarin da aka fito da shi a 2019, wanda kamfani ke gina hanya a cire masa kuɗin daga harajinsa. Dabbobi da wake na shigowa daga Nijar ta nan, hatsi da kayan masarufi na fita. Cinikin ya tsaya cik sau biyu a ƴan shekarun nan: lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ana shimfiɗa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Dambatta da Kazaure da Daura, haka kuma bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya biyo kusan sawun A2. Daga Kwangwalam kwaltar ta ci gaba da lambar Nijar, ta bi Matamaye zuwa Damagaram, daga can ta nufi Agadas.